Nasiha ga Samarin Bena a kan Ilmin Ma'adinai da Zumuncin Ma'abota Sana'a

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan matan Bena da ƙauyukan da ke kewaye da ita, waɗanda Allah Ya nufe ku da zama a aji a wannan zamani da zaman ajin kansa ya zama abin da sai an yi jarunta, ina so in yi muku magana a kan wani fanni na ilmi wanda ba kasafai ake ambatonsa a zaurukanmu ba, alhali kuwa ƙasar da muke takawa, tun daga duwatsun Zuru har zuwa Anka da Yawuri, tana cikin wuraren da masana suka daɗe da tabbatar da akwai zinariya a cikinsu. Fannin nan shi ne ilmin haƙar ma'adinai. Zan ɗauko misalina daga yuraniyom, wanda maƙwabtanmu na Nijar suka fi shekara hamsin suna haƙa, domin ban san wani ma'adini da ya fi shi fito da bambancin da ke tsakanin mai ƙasa da mai ilmin abin da ke cikin ƙasa ba.

Shi yuraniyom ƙarfe ne mai nauyin gaske, ya ma ɗara dalma nauyi, wani Bajamushe mai suna Klaproth ne ya fara gane shi a 1789, sa'an nan a 1896 Becquerel na Faransa ya gano cewa yana fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa jiki. Ba a samunsa curi-curi yadda mai wankin zinariya ke fatan ya gani a gindin ƙwaryarsa. A mahaƙan Arlit, in an fasa tan guda na dutse, abin da za a samu bai wuce kilo biyu zuwa biyar ba, kuma a cikin wannan ɗan abin da aka samu ma, nau'in da ke ba da wuta a tashar nukiliya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka mutumin da ba shi da ilmi zai iya kwana ya tashi a kan wannan dukiya har ya tsufa, ya haifi 'ya'ya da jikoki a kanta, bai san da ita ba, in ma ya sani babu abin da zai iya yi da ita face ya cuci kansa.

Ku dubi yadda al'amarin ya faro. A 1957 Faransawa masu binciken ƙasa suka je Azelik, yamma da Agadas, suna neman jan ƙarfe, sai suka ci karo da alamun yuraniyom. Ba banza suka je can ba: masana tarihi da yawa suna ganin Azelik ita ce Takedda ta dā, wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353 ya ba da labarin yadda mutanenta ke haƙar jan ƙarfe suna narka shi suna fatauci da shi har ƙasashen Hausa da Barno, kuma a nan ne Shehu Magili ya zauna kafin ya iso Kano. Watau dai ma'abota wannan ƙasa sun san haƙa da narki ƙarni shida kafin zuwan Nasara, sai dai silsilar ilmin ta yanke a wani wuri, babu wanda ya ɗora a kan abin da ya gada, har baƙo ya zo da na'urarsa ya karanta abin da ke ƙarƙashin ƙafar mai gida. A 1968 aka kafa kamfanin Somair, ya fara fitar da kaya a Arlit a 1971 daga manyan ramuka buɗaɗɗu. A 1974 aka kafa Cominak, wanda ya fara aiki a Akuta a 1978, shi kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, zurfin kimanin mita 250, da hanyoyi a ciki waɗanda in an haɗa tsawonsu sun haura kilomita 200. Domin waɗannan mahaƙai aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, domin su kuma aka buɗe mahaƙar kwal ta Sonichar kusa da Cirozerin don ta ba su wuta.

To, daga nan fa sai ku bi kayan ku ga inda ya riƙa tafiya har zuwa 2023. A niƙa dutse, a jiƙa shi da asid irin na ruwan batir, a tace, a busar, ya zama wani gari mai launin rawaya, a ɗura a durom-durom, a ɗora a manyan motoci su keta Nijar su shiga Binin har tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa, inda ake sāke tace shi a Malvési, a kai shi Tricastin a inganta, a ƙera shi ya zama makamashin tashoshin da ke ba Faransa wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta. A daidai wannan lokaci ita Nijar, mai dutsen, mafi yawan wutar da take sha daga Nijeriya take zuwa, ta wayar da ta tashi daga nan Birnin Kebbi ta nufi Yamai, har ma da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin da aka yi can, sai birnin Yamai ya shiga duhu. Ban kawo wannan don in zagi kowa ba. Na kawo shi ne don ku lura cewa a kowane mataki na wannan doguwar tafiya akwai wani ilmi da ake buƙata, kuma rabon kowace al'umma a cikin ribar yana tsayawa ne daidai matakin da ilmin 'ya'yanta ya tsaya.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun yanke hukuncin wannan mas'ala tun da daɗewa. Imamu Gazali, a farkon Ihya'u, ya lissafa likitanci da hisabi da noma da saƙa da sauran sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka ɗauke sun ɗauke wa kowa, in kuwa aka rasa mai ɗauka to laifin ya hau kan al'umma duka. Ni a ganina, ƙasar da Allah Ya ajiye wa ma'adinai, sa'an nan ta kasa fitar da 'ya'yanta waɗanda za su auna su, su haƙa su ba tare da halaka bayin Allah ba, su kuma zauna a teburin ciniki suna sane da abin da suke sayarwa, ta bar farilla. Kakanninmu sun ɗanɗani sakamakon barinta a zamanin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da aka yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas na kuza a Jos, su ne masu diga da kwano a ka cikin sanyin dutse, masu awo da taswira kuwa duk baƙi ne, da yawa kuma ba su komo gida ba.

Turawan da suka zo da awon nan ba daga sama ya faɗo musu ba. Jamusawa sun kafa makarantar ma'adinai a Freiberg tun 1765, Faransawa suka kafa tasu a Paris a 1783, suka yi ta yaye ɗalibai, ɗalibi ya zama malami, malami ya yaye wani, har abin ya zama gado. Nijar ta gane wannan bayan an fara haƙa, ta buɗe makarantar ma'adinai ta Ayar a Agadas don horar da ƙwararrun ma'aikata, sa'an nan aka buɗe babbar makarantar EMIG a Yamai, wadda ke yaye injiniyoyi. Kun san sunan Mahamadu Isufu, Bahaushen Dandaji ta jihar Tawa, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021. Kafin siyasa shi injiniyan ma'adinai ne, ya yi karatu a Saint-Étienne ta Faransa, ya riƙe daraktan ma'adinai na ƙasa daga 1980 zuwa 1985, sa'an nan ya riƙe manyan muƙamai a Somair. Ko mutum yana son siyasarsa ko ba ya so, wannan wata magana ce daban. Abin lura shi ne, da sannu-sannu 'yan ƙasa suka cike kusan dukan guraben aiki a mahaƙan nan, shi ya sa da dangantaka ta ɓaci tsakanin gwamnatin soja da kamfanin Orano na Faransa, wanda a lokacin yake da kashi 63 da ɗoriya na hannun jarin Somair, har gwamnati ta ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren a 2024 ta kuma mayar da Somair mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025, akwai mutanen da suka san yadda ake tafiyar da ramin da masana'antar. Da an yi wannan a 1971, da ƙwace takarda kawai aka yi. Amma kuma nan take wata matsalar ta bayyana, domin fitar da kaya da samun mai saye da sanin ƙa'idojin duniya na wannan ciniki wani ilmi ne dabam, kuma yana buƙatar mutanen da aka sani aka kuma yarda da su a wajen ƙasa.

Mu a Nijeriya har yanzu ba mu da mahaƙar yuraniyom mai aiki. An kafa hukumar makamashin nukiliya a 1976, aka kafa kamfanin neman yuraniyom a 1979, ya yi bincike a arewa maso gabas, wajen Gubrunde da Mika da Gumci, ya ga alamu, daga baya aikin ya tsaya. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike take aiki tun 2004. Ba wuta take bayarwa ba, aikinta shi ne a sa mata ɗan guntun dutse ko ƙasa ta bayyana abin da ke ciki har zuwa mafi ƙanƙantar sinadari, kuma 'yan ƙasar nan ne ke tafiyar da ita. Daga Bena zuwa Zariya ba tafiyar duniya ba ce.

Wanda ya ƙuduri wannan hanya daga cikinku, to ya sani tun daga aji huɗu na sakandare take farawa, da lissafi da fizis da kemistiri da Turanci, kuma lissafin nan da kuke gudu shi ne ƙofar, babu wata ta baya. Daga nan akwai digirin injiniyan ma'adinai na shekara biyar a Jami'ar Jos ko a Jami'ar Fasaha ta Akure, akwai difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai ilmin duwatsu a Zariya da wasu jami'o'in, akwai kuma cibiyar ma'adinai ta tarayya a Jos don ƙarin horo. Kada ku raina difloma. Mai awon ƙasa da mai fasa dutse da nakiya da mai gwaji a ɗakin bincike su ne ƙashin bayan kowace mahaƙa, kuma injiniyan da bai taɓa zama almajirinsu ba yakan zama abin dariya a bakin rami.

Bari in nuna muku aikin kusa-kusa, don kada ku zaci zaman ofis ne da fanka. Ana kafa injin haƙa a fili, ya huda ƙasa ya fito da dutse dogo mulmulalle kamar taɓarya, a jera shi a akwatuna bi da bi yadda ya fito, a rubuta zurfin kowane yanki. Sai ɗalibin ilmin duwatsu ya durƙusa a rana da gudumarsa da ɗan madubin ƙara girma da littafinsa, yana jiƙa dutsen da ruwa don launinsa ya fito, yana rubuta inda yashi ya ƙare laka ta fara, yana bi da na'urar da ke ƙara in ta ji tururi. A raba dutsen biyu, rabi a aika ɗakin gwaji, rabi a ajiye don shaida ko bayan shekara ashirin. Daga ɗaruruwan irin waɗannan ramuka ne injiniya zai lissafa yawan abin da ke ƙasa, ya yanke ko za a buɗe rami daga sama ko a bi ta ƙarƙashi, ya ƙayyade karkatar bangon ramin don kada ya rufto, ya san inda ruwa zai fito da inda za a kai shi. In yaron nan da ya durƙusa a rana ya gaji ya cike shafi da ƙiyasi, to ƙaryarsa za ta bi takarda har ta zama asarar miliyoyi ko ta zama kabarin mutane.

Nan ne maganar amana ta shigo, kuma a kanta nake so in daɗe. Dutsen yuraniyom yana fitar da wata iska mai suna radon, ba ta da launi ba ta da wari, in ta taru a rami mutum ya yi ta shaƙa shekara da shekaru sai ta haifar da sankarar huhu. Mahaƙan duwatsun da ke tsakanin Jamus da ƙasar Cek sun yi ƙarnoni suna mutuwa da wannan ciwo tun ba a san sababinsa ba. Shi ya sa a mahaƙar ƙarƙashin ƙasa injiniyan iska, mai kula da manyan fankokin da ke tura sabuwar iska suna zuƙe tsohuwa, ransa da na ɗaruruwan mutane a hannunsa suke bayan ikon Allah, kuma kowane ma'aikaci yana rataye da ɗan ma'auni da ke ƙirga tururin da ya shiga jikinsa, domin ƙa'idar duniya ta iyakance abin da ma'aikaci zai ɗauka a shekara. Duk da haka, a garuruwan mahaƙan, Arlit da Akokan, wata ƙungiyar 'yan gari mai suna Aghirin'man, tare da masu bincike daga Faransa a 2003 da kuma Greenpeace a 2009, sun sami tarkacen ƙarfe mai tururi ana sayarwa a kasuwa, mutane na yin kayan gida da shi, sun kuma sami dutsen mahaƙa da aka yi cikon titi da shi. Da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ta bar tsibin dusar dutse na wajen tan miliyan 20, wanda zai ci gaba da fitar da tururi dubban shekaru, kuma dole a rufe shi da laka da duwatsu a yi ta sa masa ido.

Ba sai mun je Arlit ba ma. A 2010, a nan maƙwabtanmu, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma, domin dutsen zinariyar da iyayensu ke kawowa gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida cike yake da dalma, ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe, suna sa hannu a baka. Ana ta binne yara ana cewa iska ce ko zazzaɓi, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka gwada jini. Da akwai ɗan gari ɗaya tak da ya san wannan dutse mai ƙyalli, wanda kuma dattawa ke jin maganarsa, ya ce a fitar da niƙan bayan gari a riƙa jiƙa shi da ruwa, a wanke jiki da tufa kafin a shiga gida, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Allah Ya ji ƙansu.

Saura maganar zumunci tsakanin ma'abota sana'a, wadda matasa kan fahimta a karkace. Da yawa in aka ce ka san mutane sai su ɗauka ana nufin ɗaurin gindi da neman alfarma da tara lambobin manya a waya. Abin da nake nufi ya fi kusa da abin da magabatanmu ke yi wajen neman ilmi. Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, garin da makarantar ma'adinan nan take a yau, kuma Malam Abdullahin Gwandu ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusuki, don kawai ya ambaci shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Sun yi haka ne domin sun san ilmi ba ya inganta sai an san daga wa aka karɓo shi, kuma ijaza shaida ce ta malami cewa ya zauna da wannan mutum ya gwada shi ya yarda da shi. Haka sana'ar ma'adinai take. Rahoton da ke cewa akwai kaza a ƙarƙashin ƙasa ba ya da daraja a wurin masu zuba jari sai in wanda ya sa masa hannu mutum ne da takwarorinsa suka shaida, wanda in ya yi ƙarya akwai majalisar da za ta kira shi ta karɓe shaidarsa.

A ƙasarmu akwai ƙungiyar masana ma'adinai da duwatsu, NMGS, wadda ta faro tun 1961, tana taro kowace shekara ana karanta maƙaloli. Akwai majalisar COMEG, wadda dokar 1990 ta kafa don yi wa ƙwararru rajista. Akwai kuma ƙungiyar mata masu wannan sana'a, don haka 'yan mata kada ku ce ba da ku ake ba. A waje akwai hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana, wadda aka kafa a 1957, Nijeriya da Nijar duk mambobinta ne, tana ɗaukar nauyin horo da ziyarar mahaƙai, kuma a ƙasar Cek, a garin Stráž pod Ralskem, an buɗe makaranta ta musamman a 2006 don koyar da haƙar yuraniyom da gyaran wurin bayan an tashi. Irin waɗannan gurabe ba a kan shelanta su a kasuwa, malami ne ke tuna ɗalibin da ya ga ƙwazonsa ya ambaci sunansa. Saboda haka in an tura ku koyon aiki na wata shida, kada ku nemi wanda zai sa muku hannu a littafi kuna kwance a gida. Ku je, ku riga kowa isa, ku ɗauki akwatin dutse, ku tambayi tsohon direban katafila abin da ya gani a shekarunsa, in kun tashi ku yi sallama ta mutunci, bayan kun tafi ku riƙa aiko da gaisuwa tun ba ku da bukata. Ku riƙe abokan ajinku, Musulmi da Kirista, ɗan Zuru da ɗan Ondo, domin su ne za ku tarar a ma'aikatu bayan shekara goma sha biyar. Ku kuma koyi Faransanci. Abin kunya ne a ce injiniya ɗan Kebbi da injiniya ɗan Dosso suna gaisawa da Hausa su yi raha, amma in an buɗe taswira da rahoto ɗaya ba ya iya karanta na ɗaya.

Akwai gargaɗi guda da ba zan ɓoye muku ba. Kasuwar yuraniyom ba ta da alƙawari. Farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980 ya jefa gwamnatin Seyni Kunce cikin matsi, ya haura dala 130 a kan kowace laba a 2007, sa'an nan bayan hatsarin Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011 ya sāke rushewa, har aka dakatar da aikin Imuraren, mahaƙar Sinawa ta Azelik ma ta tsaya, kuma rufe Cominak ya raba ma'aikata wajen 600 da aikinsu, ban da 'yan kwangila. Kazakistan, wadda ke fitar da wajen kashi 40 cikin ɗari na yuraniyom ɗin duniya, ba ta ma fasa dutse, ruwan asid take turawa ta rijiyoyi ya narko da ƙarfen a zuƙo shi, hanyar da ta fi araha nesa ba kusa ba. Don haka kada ɗayanku ya ce shi injiniyan yuraniyom kaɗai zai zama. Ku koyi asalin fannin, watau awo da ƙarfin dutse da iska da ruwan ƙarƙashin ƙasa da tace ma'adini da kare lafiya, domin da shi ne za ku yi aiki a mahaƙar farar ƙasa ta siminti a Sakkwato, ko wurin fasa dutsen hanya, ko haƙar rijiyar burtsatse, ko ku tsaya tare da masu haƙar zinariya na Yawuri ku nuna musu yadda ake tokare rami da inda ya kamata a kafa injin niƙa, kafin ranar da za a sāke buɗe fayil ɗin Gubrunde da Mika a nemi waɗanda za su karanta shi.